Allon Malam Istifanus da Hannun Jikata

Ranar wata Juma'a ce, ranar kasuwar Samaru, a ƙarshen damina, cikin shekarar nan da 'yan mata suka fara kafa laima a bakin titi suna ba da hayar wayar salula. Masu ƙirga shekaru sun ce mini wajen dubu biyu da uku ke nan, ni dai abin da na riƙe shi ne dawata ta fara fid da kai. Ina tsugune a bakin murhu ina kankare tanda, sai ga jikata Rifkatu ta shigo ko gaisuwa babu, rigar makaranta ta jiƙe sharkaf, ta cusa littafinta a ciki ta rungume don kada ruwa ya taɓa shi. Yarinyar da tun daga zaure ake jin muryarta tana "Kaka, me kika ajiye mini?" ranar sai ta raɓe jikin bango kamar kazar da ruwa ya doka. Na miƙa mata kofin kunu, ta kawo hannu biyu za ta karɓa, kofin ya suɓuce ya kife a ƙasa. Da na kamo hannun na buɗe, tafin ya kumbura ya yi sumul, sawun bulala kwance a kai, wani bisa wani. Na ce wa ya yi miki wannan? Ta ce Malam Istifanus ne, malamin aji biyar. An duba littattafai, nata rubutun bai cika ba. Na ce iyakar abin da ya faru ke nan? Ta kalli kunun da ya zube, ta ce ya ɗaga littafin sama ya nuna wa 'yan aji, ya ce, "Ku duba jikar mai waina. Ba ƙwaƙwalwa a kan nan, ƙullu ne." Ajin duka ya fashe da dariya.

Ban yi zagi ba, ban ɗaga murya ba. Na ɗumama ruwa na gasa mata hannu, na shafa man kaɗanya, na ba ta tuwo a baki kamar 'yar yaye. Amma tun daga ranar na ƙullaci Malam Istifanus, kuma duk wanda ya zauna da ni ya san in na ƙulla abu ba na kwancewa sai na ga ƙarshensa.

Ni ƙuruciya biyu na yi a duniya. Ta fari a ƙauyenmu, arewa da Zariya, tun iyayenmu ba su san coci ba. Ta biyu kuwa tare da yarinyar nan na yi ta, da furfurata. Ana yaye ta ubanta Ayuba, ɗana na fari, ya ɗauko ta daga Dogarawa ya dire mini, ya koma rumfarsa ta gyaran rediyo a PZ, cikin Sabon Gari. Gidan da muke haya a Samaru dogo ne, ɗakuna jere suna kallon juna, rijiya a tsakiya, da bishiyar mangwaro wadda yara ba su taɓa barin 'ya'yanta sun nuna ba. Rabin gidan ɗaliban jami'a ne, rabi mu masu neman abinci. Da sassafe Rifkatu ce mai hura wuta, ita ke jan ruwa da 'yar gugar da na sa aka ɗinka mata da robar taya, ita ke kai wa ɗalibai waina ƙofa-ƙofa suna ce mata "a ƙara yaji, filis," ta dawo tana kwaikwayon muryar kowa har sai na riƙe ciki. Ranar Asabar mu bi hanyar Bomo zuwa 'yar gonata, ina gaba da fartanya tana baya da goran ruwa, ta tsinko rama da yakuwa, ta kamo fara ta ɗaura mata zare, ta yi ta tambayata sunan kowace ciyawa, kuma in na faɗa sau ɗaya ya zauna. Da yamma yara su cika tsakar gida da carafke da 'yar gala-gala, in gardama ta tashi a kan wa ya ci, ita ake tambaya, don ba ta mantuwa. Waƙar zumuntar mata ta coci sau ɗaya take ji ta riƙe har da inda mai ba da waƙa ke shan numfashi. A aji huɗu, wajen Malama Hannatu, tana cikin na gaba-gaba. To yaya za a yi daga haye aji ɗaya wannan kai ya koma ƙullu?

Ranar Litinin na sauke tanda da wuri, na yafa gyalena na zuwa coci, na tafi makarantar. Ban nemi kowa ba. Na zaga bayan azuzuwa, inda masu rake da alewa ke zama, na tsaya jikin tagar aji biyar wadda murfinta ya daɗe da ɓallewa. Ni ban taɓa zama a benci ba, ban san baƙi ko ɗaya ba, amma ina da ido. Allon bango ne, irin wanda yara ke shafe shi da baƙin tsohon batir. Malam ya ba su baya, littafi a hagu, alli a dama. Ya fara daga can kusurwar sama yana tafe har ɗaya bakin, ya dawo, ya sake, layi manne da layi, ƙanana kamar jerin kiyashi. Ba inda ya bar fili, ba inda ya ja layi, ba wani baƙi da ya fi ɗan'uwansa girma da zai ce maka nan ne kan magana. Yana kaiwa ƙasa sai ya ɗauki tsumma ya share na sama ya ci gaba, bai waiwayo ya ga wa ya iso wa bai iso ba. Yara kuwa sai ɗaga kai da sunkuyarwa kamar ƙadangaru a kan katanga. Na zuba wa tawa ido, tana can baya, bayan wasu zaratan samari da suka maimaita ajin. Ta ɗaga kai ta ɗauko abin da za ta iya, ta sunkuya ta ajiye, in ta sake ɗagowa sai in ga idonta yana yawo sama da ƙasa yana neman inda ta tsaya, ta sa yatsa a iska tana bin layi, kafin ta samu tsumma ya bi ta wajen. Goshi ya tattare, harshe a waje, gumi a kan hanci. Ba karatu take yi ba, farauta take yi. Duk ƙarfin kanta ya ƙare wajen neman wuri, ba abin da ya rage mata na jin abin da maganar ke cewa.

Na matsa tagar gaba, aji huɗu. Allon Malama Hannatu tun daga nesa ka san da bambanci: manyan baƙaƙe a sama da layi a ƙarƙashinsu, sai fili, sai 'yan gajerun layuka kowane da alamarsa a gaba, sai fili kuma. Kamar gonar da aka yi wa kunya, kana iya ajiye fartanya ka je ka sha ruwa ka dawo ka san inda ka tsaya. Na Malam Istifanus kuwa kamar an kifar da kwanon riɗi a cikin yashi an ce ka tsince.

Da aka tashi tara na tare shi a gindin darbejiya. Na gaishe shi da ladabi, yaron da na girmi uwarsa. Na ce, Malam, da za ka riƙa barin ɗan fili a allon nan, ka kuma dakata wa na baya kafin ka share. Ya dube ni daga gyale har silifa yana kaɗe alli daga hannunsa. "Iya, wannan ba maganar bakin murhu ba ce. An ba ni abin da zan gama kafin jarrabawa, kuma da rana ina da lacca a jami'a. Mai kai yana kwafa. Je ki ji da tandarki." Wasu malamai da ke cin gyaɗa a benci suka sunkuyar da kai suna murmushi. Na ce na gode, na gyara gyalena, na juya.

Abin bai tsaya a bulala ba. Gab da Kirsimeti sakamako ya fito, Rifkatu na can ƙasa. Ayuba ya hau bas daga Sabon Gari ya zo, ya karanta takardar a tsaye, ko ruwa bai sha ba. Shi mutum ne mai yanke magana kamar yana yanke wayar rediyo. Ya ce in ƙarshen shekara ta zo ba ta haye aji shida ba, ba zai bar ta ta maimaita ba, zai ɗauke ta ya kai ta shagon ɗinkin ƙanwar matarsa a Dogarawa. Na ce ɗinki ba abin kunya ba ne, amma ba a kan ƙarya za a fitar mini da yarinya daga makaranta ba. Ya ce, "Iya, takarda ba ta ƙarya." Daga nan Rifkatu ta canza. Ta daina kwaikwayon muryoyi, ta daina carafke. Kullum da safe ciki na ciwo. In ta dawo ta zauna gindin mangwaro da littafin ƙawarta tana cike guraben nata, alhali na ƙawar ma duk rami ne, sai ta kwafi kuskuren wata ta ɗora a kan nata. In na ce me aka koya muku yau, sai ta ce, "Mun yi rubutu." Rubutun me? Ta ce ba ta sani ba. Kowace Juma'a ina ɗumama ruwa kafin ta dawo. Kowace Lahadi kuma ina ganin Malam Istifanus a coci cikin ƙungiyar mawaƙa, ya buɗe baki yana yabon Ubangiji, in mun haɗu a bakin ƙofa in yi masa murmushi in tambayi lafiyar mahaifiyarsa. Na je wajen shugaban makarantar, ya ce zai duba, ya ci gaba da shan shayinsa. Sai na zauna ina jira.

Ana gab da Ista, zafi ya kankama, Allah ya kawo mini Malam Istifanus har gida. Ashe a jami'ar an ce masa ba za a ba shi takardar gamawa ba sai ya rubuto littafi guda a kan al'adun mutanenmu na dā, daga bakin waɗanda suka gani da idonsu: yadda ake aure, yadda ake gayya, yadda ake buɗe rumbu, yadda ake binne tsoho, da waƙoƙin kowanne. An kuma yanka masa lokaci kafin damina ta yi nisa. Ya zaga ya zaga. Tsofaffin da suka sani, wasu sun rigamu, wasu sun ce sun bar wannan zance tun ranar da aka yi musu baftisma. Fasto ne ya ce masa in dai wannan ne, a duk Samaru mutum ɗaya ta rage, mai waina ta gidan mangwaro.

Ni a gindin dutsen niƙa na yi tawa makarantar. Kakata Kande ba ta taɓa zuba mini magana a dunƙule ba. Muna durƙushe gefe da gefe, ita a kan babban dutse ni a kan ƙarami, gero na zuba a faifai, awaki na leƙo mu ta darni. In za ta fara sai ta ce, "Yau na aure ne, ajiye na jiya." Ta faɗi kaɗan, ta tsaya ta tura dutse, ta ce in maimaita. In an zo waƙa ta canza murya, in an zo sunan mutum ta buge ni a gwiwa don in san wannan na riƙewa ne. In ta ga idona ya tafi wajen yaran da ke wasan langa a waje, sai ta yi shiru har in dawo da kaina. "Kin ɗauka? To ajiye, ga wani." Da haka ta juye mini abin da ke cikinta duka, ba alli ba takarda, kuma har yau ba wanda ya zube. Na san yadda ake jera magana ta zauna a kan mutum. Na kuma san yadda ake hargitsa ta.

Ranar Asabar ce da la'asar. Matan gida na gindin mangwaro suna ɓarar gyaɗar iri, har da maƙwabciyata Maman Joy wadda ba ta iya riƙe dariya. Da na hango Malam Istifanus a zaure na ce wa Rifkatu ta shige ɗaki, amma ban ce ta saki labule ba. Ya shigo da sabulu da sukari a leda, ya tsuguna har ƙasa. Yau ba Iya ba ce, Mama ce. Na ba shi kujera 'yar tsugune, na ba shi ruwan randa, na saurari buƙatarsa har ƙarshe kamar ban san komai ba. Na ce ai wannan ba wani abu ba ne, ɗana. Ya ji daɗi, ya ciro 'yar rikoda daga jaka. Na ce mayar, muryata ba ta shiga akwati. Ya ce ai da hannu ba zan iya bin ki ba, Mama. Na ce, "Haba Malam, mai kai yana kwafa." Ya yi 'yar dariya, bai gane ba. Ya buɗe sabon littafi a kan gwiwa, ya cire murfin biro.

Na ja numfashi na sake shi. Na fara daga wankan amarya ban ce masa na amarya ba ne. Daga nan na shige yadda ake yanka wa rumbu jan zakara, na faɗa kabarin tsoho, na fito ta gonar gayya, na koma wajen amarya ta bayan gida. Waƙa da zance murya ɗaya, sunan mutum da sunan gari da sunan ciyawa duk a jere kamar 'yan uwa ɗaya, ba tsayawa, ba hawa ba sauka, idona a kan gyaɗar da nake ɓara, ko sau ɗaya ban dube shi ba. Ƙarya kuwa ko ɗaya ban yi masa ba. Duk abin da ya fito bakina haka kakata ta ba ni, jerin kawai na kwance. Ina jin biro na gudu a kan takarda, ya tsaya, ya sake gudu. Can ya ce, "Mama, dakata, wa kika ce ke riƙe da ƙwaryar?" Na ce, "Ai na share wannan, Malam. Muna ƙasa yanzu." Na ci gaba. Da na saci kallonsa, goshin ya tattare, gumi na ɗiga daga haɓa yana ɓata takardar, yana yarfe yatsu yana sake kamawa. Maman Joy ta ce, "Malam, a ƙaro maka ruwa ne, ko hannu za a aro maka?" Matan suka kwashe da dariya. Da na ga rana ta sauka bayan katanga, na tsaya a tsakiyar magana, na kaɗe zanena, na ce ina da shinkafar da zan jiƙa, ni ma an ba ni abin da zan gama. Ya tashi ƙafa ta yi masa tsami. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Asabar ta gaba ya dawo, don ba shi da wajen zuwa. Matan gida kuwa har da na maƙwabta sun zo taya ɓarar gyaɗar da ta riga ta ƙare. Na ce kafin mu ɗora, karanta mini na ranar nan in ji ko ka ɗauka daidai. Ya yi gyaran murya ya fara. Bai yi nisa ba ya kai amarya rumbu, ya yanka mata jan zakara, ya sa 'yan gayya suka binne ta da fartanya suna waƙar rakiya. Maman Joy ta faɗi a kan tabarma tana kiran Yesu. Wata ta ce, "Malam, a garinku haka ake yi wa amare?" Na miƙa hannu na karɓi littafin, na ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, shafi baƙi ƙirin daga wannan baki zuwa wancan, ga gurabe ga gogewa. Na ce, "Ku duba mai zuwa jami'a. Ni ban san abin da ke cikin kan nan ba, amma ba ƙullu ba ne, don ƙullu in ya kwana yana tashi." Dariyar ta ɗauke a hankali. Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakina, ya ga ƙafafu biyu ƙanana a ƙarƙashin labule. Na ga lokacin da abin ya sauka masa, kunnuwansa har rawa suka yi.

Kada wani ya ce muku ya ba da haƙuri. Bai ba da ba, ni ma ban nema ba, me zan yi da shi? Ya juya biro a hannu, ya ce, ƙasa-ƙasa, "Mama, me kike so?" Na ce abu uku. Ka rubuta allonka yadda Malama Hannatu ke nata, kan magana daban, jiki daban, da fili a tsakani. Kada tsumma ya taɓa allo sai na bayan aji ya ɗago kai. Bulalarka kuma ta manta hanyar hannun jikata. Ya ce in ya yi haka ba zai gama abin da aka ba shi ba. Na ce to ni ma ba zan iya rage gudu ba, sai ka zaɓa. Ya ɗauki jakarsa ta littattafai ya fita ko sallama babu.

Juma'ar da ta biyo na karɓi littafin Rifkatu na buɗe a kan cinyata. Ni ba baƙin nake dubawa ba, farin nake dubawa. Na ga fili, na ga layin da ta ja da rula a ƙarƙashin manyan baƙaƙe, na ga gajerun layuka sun jeru. Washegari da ya zo, fuska a ɗaure, na ce, "Yau na aure ne, ajiye na ranar nan." Na faɗi kaɗan na tsaya, na bar shi ya rubuta, na canza murya wajen waƙa, na buga tabarma wajen suna. Haka muka yi ta yi, Juma'a tasa, Asabar tawa. Akwai makon da ya koma halinsa, littafin ya dawo mini baƙi ƙirin, ni ma na kwance masa bakin buhu har biro ya faɗi daga hannunsa. Bai sake ba. Wata rana ruwan farko ya sauka, ina dafa wake, Rifkatu ta ɗaga murfin tukunya ta nuna mini ɗigon da ya taru a cikinsa, ta ce, "Kaka, kin ga wannan? Haka hadari ke haɗuwa. Rana ce murhu, sama ce murfi." Na ce wa ya gaya miki? Ta ce a allo aka rubuta. Na juya baya na ce hayaƙi ne ya shige mini ido.

Ƙarshen shekara Ayuba ya zo, ya karɓi takarda, ya karanta a tsaye kamar kullum. Sai ya nemi kujera ya zauna, ya sake karantawa, ya ce a ba shi ruwa. Maganar shagon ɗinki ba ta sake fitowa daga bakinsa ba. Rifkatu ta shiga aji shida, daga nan ta wuce sakandare, ba ta tsaya ba sai da ta zama ma'aikaciyar jinya.

Saura abu ɗaya. A cikin zancenmu na taɓa ambata wa Malam Istifanus babbar waƙar gidanmu, wadda tsofaffin mata ke yi ranar da damin farko zai shiga rumbu, mai ɗauke da sunayen kakanninmu tun daga wanda ya sari dajin. Malaminsa na jami'a ya ce ita ce zuciyar littafin, dole ya je ya samo ta. Ya yi ta zarya, ya turo fasto, ya turo mahaifiyarsa da kanta. Na ce musu allo na rama, zagi na rama, amma hannun nan da ya kasa riƙe kofin kunu ban rama ba, kuma ni ba zan ɗaga wa ƙato bulala ba. Wannan waƙar ita ce bulalata. Ya gama littafinsa babu ita.

Yanzu an sare mangwaron an yi ɗakuna a wajen, rijiyar an rufe ta da siminti, titin Samaru ya cika da keke mai ƙafa uku har ba ka jin ƙararrawar makaranta. Yaran gidan nan ba sa dawowa da alli a riga. Takardu ake raba musu bugaggu, da manyan baƙaƙe da ƙanana, komai a jere tsaf, ɗalibai kuma sai su ɗaga waya su ɗauki hoton allo su sa a aljihu. Ba mai kumburin hannu, na gode wa Allah. Sai dai in na tambaye su me ke cikin takardar, wayar suke dubawa. Rifkatu in ta zo daga Kaduna, ga goyo ga waya a kunne, kullum ina cewa gobe zan zaunar da ita in ba ta waƙar, goben sai ta same ta a tasha. Waƙar na nan, ina yin ta ni kaɗai in ina tankaɗe, ina tsayawa a duk inda kakata ke tsayawa. Ko yau Malam Istifanus ya shigo ba zan ba shi ba. Amma tun daga kansa, ba wanda ya sake tsugunawa a gabana ya roƙa.